Tabawa da Ƙwan Zabuwa

An yi wata kaza mai suna Tabawa. A zamaninta ba wadda ta kai ta yin ƙwai, ita ma ta sani, har tafiyarta daban ce. To, shekaru suka ja, ƙwai ya ɗauke. Kunya ta hana ta sakewa cikin kaji.

Wata rana uwar gida ta zuba mata ƙwan zabuwa guda shida, ta ce ta yi kwanci.

Ƙwan zabuwa kuwa ya fi na kaza daɗewa. Waɗanda suka fara kwanci tare da ita duk suka ƙyanƙyashe, Tabawa tana nan zaune.

Sagara, wata budurwar kaza mai baki kamar reza, ta leƙo akurkin. "Sannu, Inna! Har yanzu? Ƙwan ma na aro, kuma ya zama baragurbi!"

"Ke, ni kike gaya wa haka? Kin san ko ni wace ce?"

"Na san ko ke wace ce a da."

Kaji suka kwashe da dariya. Tabawa ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige.

Agwagwa, tsohuwa mai sanyin hali, ta matso. "Tabawa, zauna. Bakin yarinyar nan ba a hannunki yake ba. Shekarunki ma haka. Ɗumin cikinki ne kaɗai naki, kuma shi ƙwan nan yake jira."

"Haba Gwaggo! In zauna ana cin mutuncina?"

Fuuu, ta tashi. Ta bi Sagara har bayan rumbu, tana lissafa mata 'ya'yan da ta haifa tun kafin a san za a yi ta. Ta yi nasara kuwa, Sagara ta gudu da fiffike a tsige.

Tabawa ta dawo tana taƙama. Tana leƙa akurki sai ta ga wutsiyar gafiya tana shigewa rami. Ƙwai biyu sun zama ɓawo. Cikin ɗaya har an ga ɗan ƙaramin baki, saura kaɗan ya fito.

Wayyo! Ba wanda ya yi dariya, shirun ma ya fi dariyar ciwo.

"Gwaggo, ni na kashe su," in ji Tabawa, kanta a ƙasa.

"Biyu sun tafi, kuka ba zai dawo da su ba," in ji Agwagwa. "Huɗu suna yin sanyi."

Tabawa ta hau ta zauna, ba ta sake ɗagawa ba sai don shan ruwa.

Da 'yan zabi suka fito, Sagara ta ce, "Ko kama da ke ba su yi ba!"

Tabawa ta juya wurin 'ya'yanta. Ta buɗe fiffike, huɗun suka shige. Akwai sauran wurin biyu, kuma ita kaɗai take jin sanyin wurin.

Darasin wannan labari shi ne: maganar mutane da tafiyar shekaru ba a hannunka suke ba. Ka riƙe abin da aka ba ka amana, kada girman kai ya tashe ka daga kansa.