Turmin Hakama

"Umma, ita ma ganga kunya take ji da aka sa mata riga, ko wani abu take ɓoyewa?"

Rumaisa ce ta jefo min wannan tambaya a gidan suna, da ƙarfi, har mai gangar ya waiwayo. Shekarunta biyar. Na ja hannunta muka matsa gefe, amma tambayar ta biyo ni har gida, domin ta tuna min da wani labari da ya kamata mu iyaye mata mu riƙe. Ku saurara, 'yan'uwa.

An yi wani bawan Allah a wani gari, tun kafin a san injin yanka katako. Masassaƙi ne, sunansa Tunau. Turmi yake yi da akushi da ƙotar fartanya, in an samu mai so ya yi ganga. Ba shi da yawan magana, ba shi da abokin faɗa.

Garin yana bakin rafi. Da damina mata kan tsallaka fadama da goyo da 'yan ƙanana. Rafin kuwa mayaudari ne: sai a yi ruwa can kan duwatsu, nan ko ɗigo babu, kafin a ankara ya ciko ya shafe mashigi. Don haka ake ajiye ganga a kan tudu. In mai gadi ya hango jan ruwa ya taho sai ya buga, kowace ta kwaso 'ya'yanta ta hauro. Wata shekara gara ta cinye gangar, mai gari ya kira Tunau ya ce kafin ruwan fari a kawo sabuwa.

Tunau yana da gungumen alilliba da ya jingine a inuwa tun bara waccan. Ku sani, fata ake duka, amma ice ne ke kai amo nesa, kuma ɗanyen ice in aka rarake shi yana bushewa yana tsagewa. Ya sa gizago ya feƙe bayan, ya shiga rarake cikin ta baki biyu, yana yi yana ƙwanƙwasawa yana sauraro. Aiki ya zo ƙarshe, kaurin icen bai fi yatsa ba, sai ya ƙwanƙwasa wani gefe ya ji amon a mace. Ya ɗaga wa rana. Ga tsaga nan siririya kamar gashi, tun daga baki har tsakiya.

Korau makaɗi, abokinsa da zai ɗaura fatar, ya duba ya yi dariya. Ya ce a cusa danko a shafe da man kaɗanya, shi kuma ya ja fata ya ɗinka mata jar riga, ko aljani ba zai gani ba.

Tunau ya ce, "Yau za ta yi amo, gobe ma za ta yi. Sai damina ta zauna, ice ya sha laima, sannan za ta buɗe. Kuma ranar ake nemanta."

"To wa zai san kai ne? Sai a ce fata ce ta saki."

"Sai a ce kai ne ke nan," in ji Tunau.

Ya saɓa icen tsirara, ba fata ba riga, ya ratsa kasuwa da shi har zauren mai gari, ya nuna tsagar da yatsansa. Mai gari ya yi faɗa sosai, domin hadari ya fara haɗuwa a gabas, ga shi babu wani busasshen gungume a garin. Mutane suka ce hannun Tunau ya mutu. Wasu har suka karɓe aikin da suka ba shi.

Ya koma gida ya tarar da matarsa Hakama tana surfe. Ya tsaya yana kallon turmin. Na kirya ne, mahaifinta ya sassaƙa mata lokacin aure, ya yi shekaru yana shan taɓarya bai taɓa tsagewa ba.

Ta ce, "Maigida, wannan kallon ba na yunwa ba ne."

Ya gaya mata abin da ke ransa.

"Ni kuma in yi daka a ina? A tafin hannunka?"

Ta ci gaba da surfenta har ta gama, ta kwashe, ta kife turmin ta karkaɗe, sannan ta mirgino shi gabansa. Ta ce nata 'ya'yan ma fadamar suke zuwa, amma in ya ɓata wannan ya nemi inda zai riƙa cin tuwo.

Kirya ba alilliba ba ce, tauri gare ta. Gizago ya dakushe ya wasa, ya dakushe ya wasa, hannunsa ya yi bororo, har ya rage kaurin turmin yadda zai yi magana. Korau ya ja masa fatar maraƙi a baki ɗaya. Ganga ta fito mummuna, sai mutum biyu ke ɗaga ta, Tunau kuma ya hana a sa mata riga. Gari ya sa mata suna Turmin Hakama. Ita kuwa Hakama ta ƙare daminar nan da ƙwarya a ka, gida gida, tana jiran a gama daka ta samu turmi, tana shan habaici.

Tsagaggen icen, Korau ne ya ɗauka ya cusa masa danko ya sa masa jar riga, yana kiɗan biki da shi. Amo kamar me. Da damina ta zauna, ana tsakiyar rawa, sai ya koma kamar ana dukan jiƙaƙƙiyar tabarma. Aka yi dariya aka watse, tunda biki ne. Ba a daɗe ba jan ruwa ya taho, mai gadi ya buga Turmin Hakama, matan da ke can ƙarshen fadama suka ji, suka tsallako ruwa yana gwiwa. Ba wanda ya je ya yi wa Tunau godiya. Ba a rasa kowa ba, balle a san abin da aka tsallake.

To, ku saurara. Amana tana inda ido ba ya kaiwa, kuma mai riƙe ta sau da yawa gori yake sha, ladansa yana wajen Allah. Abin da na gaya wa Rumaisa shi ne riga ba laifi ba ce, in dai abin da ke ciki lafiyayye ne.

Amma mu duba gidajenmu. Murfin rijiyar da ya ruɓe aka shimfiɗa masa buhu. Wayar wutar da aka naɗe da leda aka tura bayan labule. Tiyon gas da aka ɗaure da roba, ana cewa ai yana aiki. Gangar Korau ma tana aiki. Ke da kike karanta wannan, kada ki bari sai gobe, kada ki jira maigida ya samu lokaci. Ki tashi ki ɗaga rigar ki duba, domin tsagar da kika rufe ba a gabanki za ta buɗe ba, sai ranar da ɗanki yake tsaye a kanta.