Hannun Mama da Talabijin ɗin Auta

Akwai wani matashi, auta a ɗakinsu, wanda Allah ya buɗa wa ya samu aiki mai kyau, ya ɗauko mahaifiyarsa ta dawo gidansa. Da wankau matar nan ta raine shi. Ruwan sanyi da sabulu sun bar mata ciwon gaɓɓai, yatsunta duk sun lanƙwashe.

Wata rana Auta ya shigo da ƙatuwar talabijin, yana tafe yana buɗa kafaɗa.

"Mama, wannan ba irin akwatin nan naku na da ba ce. Fulasma ake ce mata. Fu-las-ma! Ido kawai ake sa mata, ban da hannu."

Mama ta ce, "To, Allah ya sa alheri, Auta."

Ita fulasma, in ta jima a kunne, zafi take fitarwa ta 'yan ramukan da ke samanta da bayanta. Da damina ta kankama, Mama ta gano haka. Sai ta riƙa jan kujera ta zauna gefenta, ta ɗora tafukanta a kan ramukan, ta lumshe ido. Ba kallo take ba. Ɗumin ne ke sassauta mata yatsu.

Ranar da Auta ya shigo da abokansa ya tarar da ita haka, sai ya daka tsawa:

"Haba Mama! Murhu ce? Dubi shatin yatsu a gilashi! Kullum sai kin kunyata ni?"

Ta janye hannunta a hankali ta cusa cikin zani. Bai tambaye ta dalili ba, ita ma ba ta faɗa ba.

Washegari ya kira kafinta ya haɗa wa talabijin ɗin kabad mai ƙofar gilashi da makulli. Kafinta ya ce, "Yallaɓai, in bar mata ƙofar iska ta sama?"

"Ƙofar da hannu zai shiga? Toshe ko'ina!"

Mama na daga bakin ƙofar ɗakinta, ta ji komai. A makon ta ce za ta je ta duba babbar 'yarta, yayar Auta.

Bayan tafiyarta, wata Asabar da rana tsaka, falo ya cika da abokai ana kallon ƙwallo. Zafi ya taru a kabad, ba hanyar fita. Hoto ya fara rawa, aka ji ƙaurin roba, sai ɗif. Mai gyara ya ce kayan cikinta sun ƙone, ba ta tashi.

Auta ya kira yayarsa a waya yana kukan asara. Ta bari ya gama tas, sannan ta ce:

"Talabijin kake wa makoki? Ka san da ruwan ɗumi nake gasa wa Mama hannu safe da yamma? Ko cokali ba ta iya riƙewa. Ɗumi kawai take nema a jikin abin nan naka, ka sa masa makulli."

Auta ya ajiye waya. A ranar ya kama hanya.

Washegari ya samu Mama zaune a tsakar gidan yayarsa tana shan hantsi. Ya durƙusa, ya kama hannayen nan, sai a lokacin ya ga yadda suka kumbura.

"Mama, ki yafe mini. Tashi mu koma gida, zan kai ki asibiti."

Ta shafa kansa da bayan hannu, don yatsun ba sa miƙewa.

"Na yafe maka tun a ranar, Auta. Asibiti zan bi ka. Amma gida, bar ni a nan. A gidanka ban san inda zan ajiye hannuna ba."

Har Allah ya karɓi ranta, ba ta sake kwana a gidansa ba.

Darasi: In ka ga iyayenka suna yin abin da ba ka gane ba, tambaye su kafin ka ɗaga murya. Kaya ana sake saye, uwa kuwa ko ta yafe, ba lallai ta dawo ba. Ku tura wa 'yan'uwa, musamman waɗanda iyayensu ke raye.