Sarkin da Ya Ƙera Karkataccen Akwati

An ce wani sarki ne, a wani gari can, zaman gadon sarauta ya ishe shi, sai ya tashi wai shi kafinta zai zama. Ga shari'u jibge a fada, ga ganuwa tana zubewa, shi ko gogan abin da ya dame shi ɗan akwati ne da zai ƙera wa mahaifiyarsa da hannunsa, ta riƙa zuba sarƙoƙinta da 'yan kunne da awarwaro.

Aka kawo katakon maɗaci daga wajen wani mai sayar da katako, sunansa Cindo. Aka kawo zarto da gizago da guduma. Waziri kuwa, sarkin neman gindin zama, ya ce ai bai kamata hannun sarki ya riƙe ma'aunin kusurwa na ƙarfe irin na talakawa ba. Ya sa aka ƙero na zinari tsantsa. Sarki ya ji daɗi, yana ta wasa da shi, har buga kan bayi yake yi da shi in sun yi nawa.

Ya auna ya yanka, ya auna ya fere. Fadawa na kewaye da shi, duk ɓarɓashin da ya faɗo sai an ce, "Lafiya gwanin gwanaye." Da aka haɗa akwati, sai murfi ya ƙi zama. A danna nan, can ya ɗaga. Ya rage wannan gefe, wancan ya yi haƙora. Haka ya yi ta ragewa har akwatin da za a sa awarwaro ya koma ko zobe da ƙyar.

Ya dai daure ya kai wa tsohuwa. Ta jujjuya shi ta ce, "Sannu da ƙoƙari. Tarkon ɓera ne?"

Maganar nan ta soki sarki. Ya dawo fada yana huci, ya ce laifin wa? To wa zai ce nasa? Waziri ya yi caraf ya ce, "Ranka ya daɗe, ma'auni na zinari ne, hannu na sarauta ne. Saura katako." Nan take aka jawo Cindo a ɗaure, sarki ya ce a sare masa hannun dama, tunda da shi ya miƙo mugun katako. Cindo na rantsuwa katakon nan ya bushe tun bara, ba mai saurare.

A bakin fada akwai wani dattijo, Malam Jatau, wanda mutanen gari ke kai wa rigimarsu in sun gaji da ta fada. Ya dogaro sanda ya shigo.

"Ya sarki, kafin a sare, ina da tambaya. Da me ka san katakon ya karkace?"

"Da ma'aunina."

"Shi kuma ma'aunin, wa ya auna shi?"

Fadawa suka kwashe da dariya. Waziri ya ce, "Malam, tsufa ya fara taɓa ka. Ana auna ma'auni ne?"

"Ya sarki, in an yarda, a ba ni gawayi da katako mai miƙaƙƙen baki."

Sarki ya ce a ba shi, don shi ma yana son ya ga tsohon ya kunyata. Malam Jatau bai taɓa komai ba. Ya ce sarki da kansa ya kafa ma'aunin a bakin katakon ya ja layi. Ya ja. Malam ya ce ya kifa ma'aunin ta ɗaya fuskar, a wuri ɗaya, ya sake ja. Ya ja.

Layukan biyu suka tashi tare, suka rabu kamar ƙahon rago.

"Da ma'aunin daidai yake, ya sarki, da layin ɗaya ne. Zinari laushi gare shi. Ban san kan wa ya sha bugawa ba."

Dariyar fadawa ta ɗauke. Waziri ya shiga gyaran rawani wanda ba abin da ya same shi. Sarki ya ƙura wa layukan ido, amma girman kai bai sake shi ba. Ya ce, "To, ko da hakan ne, na riga na yanke hukunci. Sarki ba ya janye magana."

"Kada ka janye, ya sarki. Kifa shi kawai, yadda ka kifa ma'aunin. A ce kai ne ka sayar wa Cindo lafiyayyen katako, ya je ya ɓata shi da hannunsa, ya dawo yana neman naka hannun. Za ka miƙa?"

Sarki ya dubi hannunsa na dama, wanda duk ya yi kanta saboda zarto. Ya tura shi cikin hannun riga.

Can ya ce a kwance Cindo. Muryar ma ba ta fita sosai, sai da dogari ya sake tambaya. Cindo bai tsaya godiya ba, ya rungume hannunsa ya yi waje.

Malam Jatau ya ɗauki sandarsa, ya ce, "Ya sarki, duk hukuncin da mai yanke shi ba zai yarda a kifa shi a kansa ba, karkatacce ne, ko da zinari aka auna shi."