Manomin da Motarsa Take Shan Ruwa

Akwai wani manomi a wani ƙauye da yake da tsohuwar mota, yana ji da ita ƙwarai. Kullum sai ya wanke ta, ya goge gilasanta har suna ɗaukar ido.

Ana nan sai injin ya fara wata ƙara in ana hawan tudu, ƙwas, ƙwas, kamar ana buga ƙarfe da guduma. Ruwan lagireto kuma, wanda yake sanyaya inji, ya riƙa raguwa, alhali ko ɗigo ba a gani a ƙasa. Mutumin bai tambayi inda ruwan yake tafiya ba. Da safe ya ƙara ruwa, a hanya ya ƙara muryar rediyo.

Matarsa ta ce, "Baban Tabita, motar nan tana kuka."

Ya ce, "Tsufa ne kawai."

To, mahaifiyarsa tana fama da yanar ido, ta daina ganin ko fuskokin jikokinta. Aka sa mata ranar aiki a wani asibiti mai nisa. Da ranar tafiya ta zo, matarsa ta roƙe shi ya biya wurin bakanike, ko don tsohuwa. Ya biya, amma ransa bai so ba.

Bakaniken ya kasa kunne ga injin, ya sa aka kashe shi. Ya zaro ƙarfen gwada baƙin mai, ya nuna masa. Man ya koma fari-fari, ya yi kauri kamar kunu.

Ya ce, "Ga ruwanka da kake nema. Gasket ya ƙone, wato abin da ke raba hanyar ruwa da ta mai. Mai ya daina aikinsa, ƙarfe yana cin ƙarfe. Motar nan ba za ta kai ku ba."

Ran mutumin ya ɓaci. Ya ce, "Likita yana jiranmu! Ka canza man kawai, in na dawo a duba sauran."

Bakaniken ya ce, "Sabon man ma haka zai koma." Ya leƙa ya ga tsohuwa a kujerar baya, ta rungume ƙullin kayanta. Sai ya sa hannu a aljihu, ya ciro makullin tasa motar, ya miƙa masa. "Kai Mama asibiti. Taka kuwa, bar mini ita."

Mutumin ya karɓi makullin, ya taimaki mahaifiyarsa ta shiga motar bakaniken.

Suka kama hanya. Da rana ta take, suka shiga wani dogon daji, ba gari, ba rijiya, ba inuwar kirki. Ya dubi mahaifiyarsa ta madubi tana gyangyaɗi, ya tuna a nan ne injinsa zai buga da ya yi taurin kai. Ya ce a ransa, "Na gode, ya Ubangiji, da aka hana ni abin da na so."

Aka yi aikin lafiya. Da aka cire bandeji, tsohuwa ta kama fuskarsa da hannu biyu, ta ce, "Ashe ka yi furfura!" Ya yi dariya har da hawaye.

Da ya dawo, ya tarar an buɗe injin, an wanke shi, an sa sabon gasket. Bakaniken ya nuna masa tsohon. Wurin da ya ƙone bai kai faɗin farce ba. Mutumin ya riƙe hannunsa, ya yi ta godiya.

Ga ma'anar wannan misali, 'yan'uwa. Motar ita ce rayuwarmu. Muna iya goge ta a waje, mu zo sujada da fararen kaya, alhali a ciki wani ƙaramin wuri ya ƙone, ƙarya ko ƙiyayya tana tsiyaya cikin addu'armu. Ƙarar injin ita ce lamirinmu, da muryar masu ƙaunarmu da suke faɗa mana gaskiya. Kada mu rufe ta da surutu. Ku gode wa Allah saboda irin waɗannan mutane, ko da maganarsu ta yi zafi.

Bakaniken kuwa yana nuna mana Yesu Almasihu. Ba ya ɓoye mana ciwonmu don ya faranta mana rai, ba ya kuma barinmu a bakin hanya bayan ya faɗa. Nasa ya ba mu, har ransa, ya karɓi namu da ya lalace domin ya gyara. Saboda haka in ka ji ƙara a zuciyarka yau, kada ka ji tsoron tsayawa. Wanda zai buɗe ya duba, mai ƙaunarka ne.