Kogin da ke Tafiya a Ƙasan Teku

Akwai wani mutum da ake kira Mai Inji, saboda masana'antarsa da ke tace ruwan teku ya zama na sha. Ragowar ruwan mai tsananin gishiri kuwa, ta wani ƙaton bututu yake mayar da shi teku.

Ƙanwarsa, wadda ta karanci ilimin teku, ta same shi a ofis.

"Yaya, ruwan da gishiri ya yi wa yawa nauyi gare shi. Ba ya bajewa, nutsewa yake, ya bi ƙasa yana gangarawa. Da irin haka manyan tekuna ke juya ruwansu. A riƙa sirka shi kafin a zubar."

Ya ƙyalƙyale da dariya. "Auta ke nan, sarkin tsoro! Tekun da ya haɗiye jirage ne ɗan gishirina zai shaƙe?"

Ta juya ta fita.

Can gaba, a wani lungun teku mai zurfi, Mai Inji yana kiwon kifi a cikin kejunan da ake nutsarwa har ƙasa. Wata safiya ya isa wurin, ya tarar ko tsuntsu ɗaya babu. Ruwan ya kwanta lamo. Da aka jawo kejin farko, kifayen duk sun mutu, baki buɗe, ba rauni ko ɗaya.

Ya ce maƙiya ne suka zuba guba. Ya sa kayan nutso ya sauka da kansa.

A can ƙasa ya ga abin da bai taɓa gani ba. Wani ruwa ne daban kwance a ƙarƙashin ruwa, mai kauri, yana tafiya a hankali kamar kogi. A gefensa ƙaguwa sun yi layi, duk matattu. Ya ga wani ƙaramin kifi ya faɗa ciki, ya yi ɗan shure-shure, shi ke nan.

Ya juya ya dubi inda kogin ke fitowa. Daga wajen masana'antarsa ne.

Yana hawowa ya kira ƙanwarsa. "Auta, na sa a rufe bututun. Yaushe zai tsaya?"

"Wanda ya riga ya sauka yana kan hanya, Yaya. Kejin kifin maƙwabtanka ne a gabansa."

Da ƙafarsa ya bi su gida-gida yana faɗa musu su kwashe kifinsu. Bai iya ɗaga ido ya dubi kowa ba.

Darasi: Ɓarnar da ka tura inda ido ba ya gani ba ɓacewa take yi ba, tafiya take yi. Ka saurari mai gaya maka gaskiya ko da ka girme shi. Ku tura wa 'yan uwa su ma su karanta.