Layar da Kurege Ya Ɗaura a Bakin Rijiya

Ga ta nan, ga ta nanku, 'yan jikokina.

Ta zo mu ji ta, Kaka.

To ku matso. Kai Ɗantani, bar tsokanar ƙanwarka.

Wata shekara aka yi fari a dawa. Zaki ya sa aka haƙa rijiya, ya naɗa Kurege Sarkin Rijiya don ya fi kowa daɗin baki. Kurege ya samu guga, ya samu inuwa, sai ya miƙe ƙafa. Mai gyaɗa a ɗebo masa. Mai sallama kawai, ya dawo gobe. Barewa da goyonta, ta dawo gobe. Tsoho Kunkuru da ya sha tafiya, ya dawo gobe.

Ƙara ta kai fada. Zaki ya aiko cewa yana nan tafe, in ya tarar gaskiya ne, da Kurege zai karya kumallo.

Kurege ya ruga wajen uwarsa, tsohuwa mai dama fura, yana kuka wai ta ba shi layar farin jini. Ta dube shi, ta dube shi. Ta ƙulla toka a tsumma, ta ɗaura masa a damtse.

"Tana da sharaɗi, ɗan nan. Kowa ya zo, ka miƙe tsaye. Ka ba shi ruwa kafin ka dubi hannunsa. Ka tambayi mutan gida, ka tsaya ka ji amsa."

Don tsoron Zaki, Kurege ya bi sharaɗin. Kunkuru ya sha, ya sha, ya share ƙwalla, ya sa masa albarka. Kurege ya sake zura guga ba wanda ya roƙe shi.

Zaki ya iso ya tarar ana ta yabo, ya tambayi sirrin. Kwaɗayi ya motsa, Kurege ya ce ai laya ce. Zaki ya ce duk mai sarauta ya ɗaura. Kurege ya yi ta ƙulla toka yana karɓar gyaɗa. Kura Sarkin Kasuwa ta ɗaura har biyu, ba ta fasa cizon mutane ba.

Zaki ya ga layar ba ta yi aiki ba, ya take wutsiyar Kurege.

"Ranka ya daɗe, layar ba ta ci sai mai ita ya yi wa tsohuwata tallan fura."

Haka aka kora su duka gidan tsohuwa. Ta koya musu wanke ludayi, ta koya musu durƙuso, ta ce wanda bai koya a goye ba ya koya da gemu. Kura ma ta iya sannu, ko da yake haƙoran na waje.

Ƙurunƙus kan kusu. In kun ga mai muƙami na fara'a, ko uwarsa ta gari ce, ko Zaki na hanya.