Makulli na Huɗu

Ya 'yan uwa, kun gani, kun kau da kai. An kawo akwati mai kunne an ajiye a ɗakin iyayenku, kuka ce ci gaba ne. Waye a cikinku ya taɓa tambayar wa ke saurare a can ɗaya ɓangaren? Babu. To, ku saurara.

An yi wani mutum, ɗan kafinta ne. Mahaifinsa ƙofofi yake sa wa gidaje, kuma tsofaffi har yau suna tuna yadda yake aiki. Ba ya shiga gida sai ya yi sallama an amsa. In ya shiga, idonsa na kan katako har ya fita. Idan ya gama, sai ya kira mai gida ya zuba masa makullai uku a tafin hannu, ya ce, "Ga su nan, babu na huɗu." Ya sa ƙofa a gidaje da yawa, amma ba a taɓa jin labarin cikin gidan kowa a bakinsa ba. Wancan zamanin ya wuce, kuma ni da ban riski da yawansa ba ina kewarsa.

Ɗan ya yi karatu, ya buɗe shago, ana ce masa Injiniya. Shi ma gidaje yake shiga, sai dai na'urori yake haɗawa: fitila mai kunna kanta, kyamara a bakin ƙofa, da ƙaramin akwatin nan da za ka yi wa magana ya amsa. Masu ƙera irin waɗannan kaya sukan bar wata hanya ta baya domin masu haɗa manhaja, su shiga su gyara ko su haɗa na'urar da waya. Da wasu dogayen lambobi ake buɗe ta. Idan an gama aiki, kamata ya yi a rufe hanyar, ko a miƙa wa mai gida. Injiniya ba ya rufewa. Ya ce wai don kada a kira shi gyara ya sha wahalar zuwa.

Yana da goggo, ƙanwar mahaifinsa, wadda ta goya shi yana jariri. Mijinta ya rasu, ɗanta na aiki a nesa. Ɗan nata ne ya roƙi Injiniya ya sa mata akwatin, don in ƙafarta ta matsa mata ta kira shi ba sai ta lalubi waya ba. Ranar da aka sa, Goggo ta kalli abin ta ce, "Wannan ɗan mitsitsin ne zai kira mini yaro? To Allah ya sa ya fi ka jin magana." Suka yi dariya.

Wata safiya ya shiga ta hanyar nan don ya gwada ko akwatin na aiki. Sai ya ji muryarta. Ba waya take yi ba. Da kujerar mijinta take magana.

"Malam, ƙafar ta ɗan yi sauƙi yau. Na wanke maka hular nan, ta gaji da ƙura. Bishiyar da ka ce ba za ta yi ba, ta yi fure, sai ka zo ka ji kunya."

Shekara shida ke nan kullum tana ba shi labarin gida bayan ta idar da salla, kuma ko ɗanta bai sani ba.

Me ya kamata ya yi, ya 'yan uwa? Da mahaifinsa ne, da ya sunkuyar da kai ya ja ƙofa. Shi kuwa ya zauna ya saurara. Gobe ya sake. Jibi ya naɗi muryarta a wayarsa. Ya kunna wa wani abokinsa a shago, suka ƙyalƙyale. Abokin ya ce, "Don Allah turo mini, ni kaɗai zan ji." Kun san ƙarshen irin wannan alkawari.

Bayan sati biyu Goggo tana zaune a layin asibiti, wata mata a kusa da ita ta kunna waya tana nuna wa ƙawarta. Sai tsohuwa ta ji muryarta, tana gaya wa mijinta bishiya ta yi fure, mutane suna dariya. Wani ya ce, "Wannan tsohuwa ta zauce." Ba su san ita ce a tsakaninsu ba. Ba ta jira ganin likita ba.

Ta je gida ta cire akwatin, ta naɗe shi a tsohon ɗankwali, ta taka da ƙafar nan mai ciwo har shagonsa. Akwai mutane a ciki. Ta ajiye a kan teburi.

"Ɗana, ga kayanka."

Ya ce, "Goggo, ya lalace ne?"

"Lafiyarsa lau. Babanka ne ya sa mini ƙofar ɗakina. Makulli uku ya ba ni, ya ce babu na huɗu. Kai nawa ka ba ni?"



Kafin wata ya ƙare, kowa ya kwance nasa ya kawo. Shagon ya cika da akwatuna da kyamarori, babu mai saye. Amma ba wannan ne ya karya shi ba. Idan ya zo wucewa, majalisa sai ta yi tsit. 'Yan uwansa mata in ya shigo sai su canza magana. Matarsa ma, in za ta yi waya da mahaifiyarta, sai ta fita tsakar gida tana waiwaye. Wanda ya saci maganar mutane, ya wayi gari babu mai magana a gabansa.

Ya je neman gafara. Goggo ta ce ta yafe, har ta tambaye shi ko ya ci abinci. Da zai fita ya ga an ɗauke kujerar Malam daga wurinta, an jingine ta a bayan ƙofa. Ya tambaya. Ta ce, "Yanzu in na buɗe baki sai in ji kamar akwai mutane a ɗakin." Har ta koma ga Allah, ba ta sake ba Malam labarin gida ba.

Ya 'yan uwa, addininmu ya hana leƙen asirin mutane, kuma bai ce an halatta idan da waya aka yi ba. Kada ku ce laifin Injiniya ne shi kaɗai. Shi mutum ɗaya ya tura wa. Sauran hannayen na wa ne? Su wa suka yi dariya a layin asibiti?

Yau, ba gobe ba, ka kira wanda ya haɗa maka na'ura, ka ce ya rufe hanyarsa a gaban idonka. In ya ce ba zai yiwu ba, cire ta daga ɗakin mahaifiyarka. In kai ne mai haɗawa, ka miƙa makullin duka. In kuma muryar wani tana cikin wayarka ba da saninsa ba, goge ta kafin ka tashi daga inda kake zaune.

Allah ya rufa mana asiri, ya kiyaye mu daga tona na wasu. Amin.